Kafin na'ura ta koyi fiɗa, wa zai rubuta mata labarinmu?

Ranar da ɗiyar yayata ta kare kundin bincikenta na zama likita, guɗa ta riga alƙalan gama karanta sakamako. Uwarta ta yi kuka, aka yi hotuna, da marece aka dafa shinkafa da kaji a gida nan unguwar Zariya ta Maraɗi, maƙwabta suna shigowa suna Allah ya sa albarka. A cikin duk masu murnar nan ban ji wanda ya tambayi abin da ke cikin kundin ba. Ni na tambaya, don yaran da ta yi binciken a kansu na san irinsu. Yara ne da zazzaɓin taifot ya huda wa hanji, a kawo su ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, a shiga da su ɗakin fiɗa da tsakar dare.

Sai ta ɗauko salularta ta nuna mini hotunan rajistar da ta yi watanni tana bi shafi-shafi. Babban littafi ne mai layuka, bangonsa ya sha hannu: suna, shekaru, gari, ranar shiga, abin da aka tarar a ciki, aikin da aka yi. A gurbin ƙarshe, inda ake rubuta yadda majinyaci ya ƙare, ta ɗora yatsa.

"Kawu, dubi nan. Wannan an rubuta ya fita, wannan an rubuta ya rasu, waɗannan kuwa fili ne kawai. Ban sani ba ko warkewa suka yi, ko kuɗi ne ya ƙare iyayensu suka ɗauke su."

Ta ce inda aka bar lambar waya ta yi ta kira. Wani layin ya shiga, wani an daɗe da yar da shi.

Gurbin nan da ba a cike ba shi ke faɗo mini a rai duk lokacin da na ji ana cewa ƙirƙirarriyar basira za ta sauya aikin fiɗa. Ina cikin masu ganin za ta sauya shi. Abin da nake gardama a kai shi ne ta wace ƙofa za ta shigo mana, da kuma abin da take buƙata daga hannunmu kafin ta amfane mu.

Yawancin mutane da an ce na'ura da fiɗa, mutum-mutumi suke hangowa riƙe da wuƙa. Akwai shi kam. Wanda ya fi suna shi ne da Vinci, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a shekarar 2000. Amma ba shi ke yin aikin da kansa ba. Likita ne ke zaune gefe, ya sa ido a madubi, yana juya hannu, hannayen ƙarfen suna bin motsinsa a cikin cikin majinyaci ta ƙananan huduwa. Yana rage rawar hannu, yana ƙara girman abin da ido ke gani, kuɗinsa kuma ya haura dalar Amurka miliyan guda, ban da na kayan da ake sauyawa a kai a kai. A watan Satumba na 2001 wani likitan Faransa, Jacques Marescaux, ya zauna a birnin New York ya cire wa wata mata matsarmama tana kwance a Strasbourg, da teku tsakaninsu. Wannan ma hannun mutum ne, waya ce ta tsawaita shi.

Na'urar da ke yanke shawara da kanta kuwa tana ɗakin gwaji har yanzu. A 2022 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins suka ba da labarin wata mai suna STAR da ta ɗinke hanji biyu wuri guda a jikin aladu huɗu, kusan ba da sa hannun mutum ba. Abin jinjina ne, don ɗinkin hanji yana cikin ayyuka mafi wuya: tsoka ce mai laushi, tana motsi, ɗinki ɗaya ya yi sako-sako sai ƙazanta ta zubo cikin ciki. Sai dai tsakanin alade huɗu da aka shirya domin gwaji da yaron da aka kawo daga wani ƙauyen Dakoro bayan kwana biyar yana amai, ciki cike da mugunya, akwai tafiya mai nisa.

To mece ce basirar, in ba mutum-mutumin ba? A taƙaice manhaja ce da ke koyo daga misalai. A nuna mata hotuna dubbai, kowane an rubuta a gefensa cewa wannan lafiyayye ne, wannan ƙari ne, har ta kama bambancin, ta yadda in an kawo mata sabon hoto za ta faɗi abin da ya fi kama da shi. Ko a ba ta takardun majinyata dubu ɗaruruwa, da shekarunsu, da gwajin jininsu, da aikin da aka yi musu, da yadda suka ƙare, sai ta koyi cewa mai irin waɗannan alamu ya fi shiga hatsari. A Strasbourg ɗin nan aka tara faifan bidiyo 80 na cire matsarmama, likitoci suka zauna suka rubuta abin da ke gudana a kowane mataki, aka saki tarin ga masu bincike, kuma da shi aka koya wa manhajoji da yawa gane inda aiki ya kai. A 2021 Amurka ta amince da wata manhaja, GI Genius, mai nuna wa likita ƙananan tsiro a cikin babban hanji lokacin da yake leƙawa da kyamara. Duk inda ka duba, abincinta guda ne: abin da wani ya gani, ya rubuta, ya kuma rubuta yadda ya ƙare. Mai koyon sana'ar wanzanci yana zama gefen ubangidansa ya ga kai ɗari kafin a miƙa masa aska. Ita ma haka take, illa ita ba ta ganin komai sai abin da ya shiga takarda.

Yanzu sai a tambaya, mu a ina mutanenmu ke mutuwa? Nan ne binciken fiɗa ya yi mana aikin da ya cancanci guɗa fiye da kowane mutum-mutumi. A 2015 kwamitin da mujallar Lancet ta kafa ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa samun fiɗa mai inganci da za su iya biya a lokacin da suke buƙata, kuma ana neman ƙarin ayyuka miliyan 143 kowace shekara. Kwamitin ya ware ayyuka uku ya ce da su ake gane asibitin da ya isa: fiɗar haihuwa, buɗe ciki na gaggawa, da gyaran karayar da ƙashi ya fito waje. Ya ce kamata ya yi mutum ya isa inda ake yin su cikin awa biyu, kuma kowane mutum 100,000 su sami ƙwararru 20, wato likitocin fiɗa, da masu sa barci, da na haihuwa. Wanda ya san hanyar wasu ƙauyukan Mayahi ko Barmo da damina, ya san abin da awa biyu ke nufi ga mai naƙuda a kan amalanke.

Sai a 2018 aka fitar da sakamakon wani bincike da ake kira ASOS, wanda Farfesa Bruce Biccard na Afirka ta Kudu ya jagoranta. Likitoci a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25 suka bi duk babban mutumin da aka yi wa aiki cikin mako guda, mutum 11,422. Aka tarar majinyatanmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya, sun fi su ƙarancin cututtukan tsufa, matsalolin da ke biyo bayan aiki ma ba su fi yawa ba, amma mutuwa ta ninka sau biyu. Ƙwararrun da ake son 20 kuwa, abin da aka samu bai kai ɗaya ba ga mutum 100,000. Ga abin da ya fi girgiza ni: kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba a ranar aikin suka rasu ba, a kwanakin baya ne, a ɗakin jinya. Da aka ware matan da aka yi wa fiɗar haihuwa aka duba su kaɗai, aka ga hatsarin mutuwarsu ya ninka na ƙasashe masu arziki kusan sau 50.

Na yi kwanan jinya, don haka waɗannan alƙaluma ba baƙi ba ne a wurina. Wani ƙanena ne aka buɗe wa ciki a wani asibiti da ba zan ambata ba. Aikin ya yi kyau, likita ya fito ya ce mu gode Allah. Dare na biyu ina zaune a kan tabarma gindin gadonsa, ɗaki cike, har ƙasa akwai mutane, ma'aikaciyar jinya guda ce ke zagaya ɗakuna fiye da ɗaya da tocila a hannu. Wajen ƙarfe biyu na ga numfashinsa ya sauya, yana ja da sauri, goshinsa ya yi sanyi da zufa. Na ɗauka gajiya ce. Wata tsohuwa mai jinyar ɗanta a gadon kusa ita ta taɓa ni ta ce, "Malam, je ka kira likita, wannan numfashin ba na barci ba ne." Na sami ma'aikaciyar jinyar tana ɗaura wa wani ƙarin ruwa, ta ce in ba ta minti biyar. Ta zo, ta auna, ta fita da gudu. An koma da shi ɗakin fiɗa kafin asuba, ya kuma rayu. Ba laifin ma'aikaciyar nan ba ne da ba ta gan shi da wuri ba, ido biyu gare ta. Abin da ya cece shi a daren nan tsohuwar ce, wadda ta daɗe a ɗakin har ta koyi kalar numfashin da ke gaban mutuwa.

Irin aikin tsohuwar nan ake fatan manhaja ta yi. A maƙala wa majinyaci ƴar na'ura mai auna bugun jini da numfashi da zafin jiki, manhaja tana lura, in ta ga alamun sun fara karkata ta yi ƙara. Tun kafin aiki ma ta faɗi wanda ya fi buƙatar a sa masa ido. Wannan ya fi mutum-mutumi araha nesa ba kusa ba, ya kuma dace da inda ciwonmu yake.

Sai dai masu binciken ASOS sun gwada wani abu kusa da haka, kuma abin da ya fito ya kamata duk mai ɗokin na'ura ya zauna ya yi tunani a kai. Sun haɗa wani ma'auni mai sauƙi na gane majinyaci mai hatsari, suka ce wanda ma'aunin ya nuna a matsar da gadonsa inda ma'aikata ke ganinsa, a yawaita auna shi, a bar danginsa su zauna tare da shi, a manna takardar alamun hatsari a gefen gado. Aka gwada a asibitoci 332 na ƙasashe 28, aka buga sakamako a 2021. Mutuwa ba ta ragu ba, kashi 1.3 cikin 100 a asibitocin da aka ba tsarin da waɗanda ba a ba su ba. Asibitoci da yawa sun kasa aiwatar da tsarin yadda aka so, don ma'aikatan da za su yi shi ba su da yawa, aikin da ke kansu ya riga ya fi ƙarfinsu. Sanin wanda zai shiga hatsari daban, samun jini a ajiye, da wuta, da mai sa barci, da hannun da zai sake buɗe cikin daban. Ina girmama waɗannan mutane da suka fito suka ce abin da muka yi tsammani bai yi ba. Mai sayar da manhaja ba kasafai yake faɗin haka ba.

Binciken da ya rage mutuwa a zahiri yawanci ba shi da ƙyalli. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takarda mai tambayoyi 19 da ake karantawa da baki a ɗakin fiɗa: wannan ne majinyacin, wannan ne gefen da za a yanka, an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, an ƙirga audugar da aka sa an ƙirga wadda aka fitar. A asibitoci takwas da aka gwada, har da ɗaya a Ifakara ta Tanzaniya, mutuwa ta sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. A 2022 wani gwaji mai suna ChEETAh, a ƙasashe bakwai da suka haɗa da maƙwabtanmu Najeriya da Binin, ya bi mutum 13,301 ya nuna cewa sauya safar hannu da kayan aiki daf da rufe ciki yana rage ruɓewar ciwo daga kashi 18.9 zuwa 16. Kafin shi, gwajin FALCON ya nuna cewa wani zaren ɗinki mai tsada da wani ruwan wanke fata mai tsada ba su fi masu araha ba, ka ga asibiti ya huta da ɓarnar kuɗi. A Yuganda aka gwada ƙyallen sange da aka tsabtace wajen gyaran gwaiwa, aka kwatanta shi da ragar kamfani mai dala 125, aka buga a 2016 cewa sakamakonsu bai bambanta ba. A nan gida Nijar, an horar da likitocin gama-gari na shekara guda su riƙa yin fiɗar gaggawa a asibitocin gundumomi, Farfesa Rashid Sani da abokan aikinsa suka bi sakamakon suka buga shi a 2009. Dukansu da ƙirga aka same su, wani ya zauna ya cike gurbin ƙarshe. Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013, abin da ya sa Turai ta yi ɗaruruwan shekaru tana karanta shi ke nan: ya zana kayan aikinsa, ya rubuta abin da ya gani da idonsa.

Akwai wurare biyu da nake ganin basirar nan za ta iya shigo mana tun yanzu, kuma dukansu a wajen ɗakin fiɗa suke. Na farko hoton ciki, wanda muke kira eko. Masu bincike na jami'ar North Carolina da na Zambiya sun nuna cewa wanda bai taɓa koyon ɗaukar hoton ba zai iya goga ƴar na'ura a kan cikin mace sama da ƙasa, hagu da dama, manhaja ta faɗi watannin cikin daidai da yadda ƙwararre zai faɗa. Wani aikin makamancinsa ya nuna tana iya gane jaririn da bai juyo da kai ba. A jihar Maraɗi da ke da cibiyar yoyon fitsari ta Danja, wadda aka buɗe a 2012, ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba. Yoyon fitsari doguwar naƙuda ce ke haifar da shi, kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara har naman ya mutu. Gwamnati ta ayyana fiɗar haihuwa kyauta tun 2005, amma kyautar ba ta amfanar wadda ta iso bayan kwana biyu. In ungozomar ƙauye ta sani tun wata na takwas cewa wannan haihuwar ba ta gida ba ce, sai a sayar da akuya da wuri, a zo Maraɗi ko Tasawa a sauka gidan dangi a jira.

Na biyu duba ciwo bayan sallama. A gundumar Kirehe ta Ruwanda an gwada tura ma'aikatan lafiya na ƙauye gidajen matan da aka yi wa fiɗar haihuwa, su ɗauki hoton ɗinkin da waya, manhaja ta taimaka wajen gane wanda ya fara ruɓa. Wanda ya san kuɗin motar dawowa asibiti don a duba ɗinki kawai, ya san mata nawa ne ke haƙura su zauna gida har ciwon ya yi ruwa.

Amma a nan ne hoton rajistar ɗiyata ke dawo mini. Manhajojin da ke ƙiyasta hatsarin fiɗa, irin POTTER da aka haɗa a Boston a 2018, daga takardun asibitocin Amurka suka yi karatu. Majinyacin can sau da yawa dattijo ne mai ƙiba da ciwon suga, wanda ya iso asibiti cikin ƴan awoyi. Namu yaro ne ɗan shekara tara, ramamme, jininsa ya yi ƙasa saboda zazzaɓin cizon sauro, an fara kai shi wurin mai magani, an jira ranar kasuwa a sami mota. Manhajar ba ta taɓa ganinsa ba, kuma ba za ta ce ban san shi ba, lamba za ta bayar kamar yadda take bai wa kowa. Wannan tsoron yana da tushe. A 2020 likitocin jami'ar Michigan suka nuna cewa ƴar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini ta fi yin kuskure a kan baƙar fata: ta nuna lafiya alhali iska ta yi ƙasa, kusan sau uku fiye da yadda take yi wa farar fata. Shekaru aka yi ana amfani da ita a haka. In na'ura mai sauƙi irin wannan ta iya yin haka, manhajar da ke duba hoton ciwo ta nemi ja a fata, a kan wace fata ta koyi ja? Har a Amurkar kanta, wani bincike na 2021 ya tarar wata manhajar gano ruɓewar jini da ɗaruruwan asibitoci ke amfani da ita ta kasa gano kashi biyu cikin uku na masu cutar.

Saboda haka duk wanda ya zo mana da manhaja, ko kyauta ce, akwai tambayoyin da hukumomin lafiyarmu da malaman jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo suke da haƙƙin yi masa. A kan su wa ta yi karatu? An gwada ta a ɗaki irin namu, an ƙirga wanda ya rayu da wanda bai rayu ba? Tana aiki in babu intanet, in wuta ta ɗauke? Ba mu manta watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse mana lantarki. Hotunan cikin matanmu da na ciwukanmu ina za su, wa zai mallake su, kuma an yi wa mai jikin bayani da Hausa ta yarda, ko dai an miƙa mata takarda da Faransanci ta dangwala yatsa? In ta yi kuskure aka rasa rai, wa zai tsaya gaban dangi? Ni a ganina amsar ta ƙarshen ba ta sauyawa: likitan ne, don haka dole ya kasance yana da ikon ƙin bin abin da ta ce.

Akwai kuma abin da ya rage namu, wanda ba mai yi mana. Likitocinmu na Yamai da Damagaram da Maraɗi da Galmi suna ganin hudawar hanji ta taifot da yawan da likitan Faransa ba zai gani ba tsawon rayuwarsa, wasunsu kuma suna rubutawa suna bugawa, da aljihunsu, bayan sun kwana a tsaye. Ilimin da ke hannunsu ba ya wurin kowa. Abin da ke hana shi zama abin da manhaja za ta koya ba wani abu mai tsada ba ne: rajista iri ɗaya a kowane asibiti, mutum guda da aikinsa ke nan ana biyansa, kwamfuta mai faranti na hasken rana, da katin waya na kiran majinyaci bayan kwana talatin a ji ko yana nan. Kuɗin mutum-mutumi guda zai ɗauki wannan aikin a duk asibitocin jiharmu shekaru masu yawa.

Ɗiyar tawa yanzu tana aiki a wani asibitin gunduma. Da ta zo hutun salla na ga wani ƙaramin littafi a jakarta, irin na ƴan makaranta, ta ja masa layuka da biro. Duk wanda aka yi wa aiki a hannunta tana karɓar lamba biyu, tasa da ta wani maƙwabci ko mai shago a garinsu, don ta lura layin majinyaci shi ya fi saurin mutuwa. Ranar Juma'a da marece take kiran waɗanda suka cika wata. Ina zaune ta kira wani dattijo a wani ƙauye wajen Gazawa, ta gaishe shi, ta tambayi jikin yaro.

"Yana can ya bi awaki," in ji shi. "Sai dai gefen ɗinkin yana ɗan fitar da ruwa."

Ta ce ya kawo shi ranar kasuwa ta duba, kada a shafa masa komai. Ta ajiye wayar, ta buɗe littafin a kan gwiwa ta rubuta duka biyun.